Yadda Ake Gasa Fai Ɗin Hannu Mai Sitroberi da Kirim Cis a Gida

Masu kallo, assalamu alaikum. Abin da kuke gani a kan wannan faranti shi ne fai ɗin hannu, wato ƙaramin fai wanda ake naɗe haɗinsa cikin ɓawon fulawa a like bakinsa, yadda mutum zai ɗauka ya ci ba tare da neman cokali ba. Duk wanda ya taɓa sayen mit-fai a Kano ko Kaduna ya riga ya san siffarsa, sai dai wannan na zaƙi ne, kuma a cikinsa akwai sitroberi da wani cuku mai laushi da ake kira kirim cis. Amurkawa ne suka fi shahara da irin wannan haɗi. A jihohinsu na kudu an daɗe ana soya ƙananan fai masu busasshen tuffa a ciki, kuma kamfanin McDonald's ya fara sayar da nasa na tuffa a 1968, yana soya shi, kafin ya koma gasawa a yawancin shagunansa na Amurka a 1992. Namu na yau gasa shi za mu yi.

Kafin mu taɓa fulawa, ya kamata a fahimci cewa nasarar wannan girki ta rataya ne a kan ruwa iri biyu. Akwai ruwan da ke ɓoye cikin bota, wanda muke so ya zauna daram har sai ya shiga tanda, wato obin, domin shi ne zai zama tururi ya ɗaga ɓawon ya yi hawa-hawa. Akwai kuma ruwan da ke cikin sitroberi, wanda idan aka bar shi yadda yake zai jiƙa ƙasan fai ɗin, ya fasa bakinsa, ya malale a kan tire ya ƙone. Duk matakan da za ku gani nan gaba, ko dai suna tsare na farko ne, ko kuma suna rage na biyu.

Bari mu fara da kayan ɓawo. Ana buƙatar fulawa giram 315, wato kusan kofi biyu da rabi, da bota giram 225, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da sukari babban cokali ɗaya, sai ruwan ƙanƙara babban cokali shida zuwa takwas. A nan dole a tsaya a kan maganar bota, saboda a kasuwanninmu sunan yakan haɗa har da majarin, wadda da man tsirrai ake yin ta. Bota ta ainihi daga madarar saniya take, kusan kashi 80 cikin 100 nata mai ne, sauran kuma yawancinsa ruwa, kuma tana narkewa da zarar zafi ya kai digiri 32 zuwa 35, abin da ranar Afrilu a Sakkwato take zarcewa nesa ba kusa ba. Majarin mai tauri za ta yi aiki idan ita ke hannu, amma ɓawon ba zai yi ƙamshi irin na bota ba, wadda ake shafa wa burodi kuwa ta cika laushi, gara a bar ta. Soyayyen man shanu ma bai dace da wannan aiki ba duk da ƙamshinsa, domin suyar ta riga ta ƙone ruwan cikinsa, saboda haka ɓawon zai fito da gardi yana marmashewa, amma babu tururin da zai ɗaga shi.

A yanka botar gutsi-gutsi tana da sanyin firiji, a zuba cikin fulawar da aka riga aka gauraya da gishiri da sukari, sannan a riƙa murtsuke ta da kan yatsu, ba da tafin hannu ba, saboda tafin hannu ya fi ɗumi. Ku dubi cikin kwanon nan da kyau. Ba a murje botar ta ɓace gaba ɗaya ba, akwai gutsattsari masu girman ƙwayar wake, wasu kuma an latse su sun yi faɗi. Masu yin mit-fai sun saba murza bota har fulawa ta koma gari-gari, kuma hakan daidai ne ga irin ɓawon da suke nema, amma a nan waɗannan gutsattsarin da ido ke gani su ne abin da ake so.

Daga nan sai a riƙa yayyafa ruwan ƙanƙara cokali-cokali ana juyawa da cokali mai yatsu. Da zarar an damƙi kwaɓin a hannu ya dunƙule bai wargaje ba, ruwa ya isa, ko da akwai sauran busasshiyar fulawa kaɗan a gindin kwano. Kada a buga shi yadda ake buga kwaɓin burodi ko na fanke. Fulawar alkama tana da wani sinadari da ake kira gulutin, wanda ke yin danƙo idan ya haɗu da ruwa aka yi ta murza shi. Danƙon nan shi ne alherin burodi, amma a ɓawon fai tauri yake kawowa, ya kuma sa kwaɓin ya riƙa tsukewa duk lokacin da aka miƙar da shi. A raba kwaɓin biyu, a latse kowanne ya yi faɗi, a naɗe a leda, a sa a firiji na aƙalla awa ɗaya.

Yayin da kwaɓin ke hutawa, sai mu koma kan sitroberi. Irin da ake nomawa a duniya yau asalinsa aure ne tsakanin iri biyu daga nahiyar Amurka: ɗaya daga arewacinta, ɗayan kuma daga ƙasar Chile, wanda wani Bafaranshe mai suna Frézier ya kawo Faransa a 1714, aka haɗa su a yankin Brittany a tsakiyar ƙarni na 18. Tsiro ne mai son sanyi, shi ya sa a Najeriya tsaunukan Filato ne suka karɓe shi, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom a Jos ta Kudu, inda kakarsa ke kamawa lokacin hunturu har zuwa farkon bazara. Wannan dacewa ce mai kyau ga mai gasa fai, domin lokacin da sitroberi ya fi yawa da araha shi ne lokacin da safiya ta fi sanyi, bota kuma ta fi jimawa ba ta narke ba. Wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya yi kwaɓinsa bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na sitroberi ruwa ne, kuma sukari yana jawo ruwan nan waje cikin mintuna kaɗan. Akwai masu yanka shi ɗanye su barbaɗa sukari su cusa cikin ɓawo kai tsaye, kuma a ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa fai ɗin mutane da yawa ke fitowa da jiƙaƙƙen gindi. Hanyar da ta fi ita ce a dafa shi tukuna. A wanke sitroberi giram 300, a tsane shi sosai, a cire ganyen kansa, a yanka ƙanana, a zuba a tukunya tare da sukari giram 50 da ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya. A ɗora a wuta matsakaiciya ana juyawa, kuma cikin minti biyar zuwa bakwai za ku ga ya saki jan ruwa yana tafasa. A dama sitacin masara babban cokali ɗaya da ruwan sanyi kaɗan, a zuba ana juyawa, a bar shi ya sake tafasa na minti ɗaya. Da farko ruwan zai yi fari-fari ya dushe, sannan ya koma ja mai sheƙi, kuma wannan sheƙin shi ne alamar sitacin ya nuna. Idan aka ja cokali a gindin tukunyar, hanyar da ya bari ta ɗan jima kafin ta rufe, to kaurin ya yi. A juye a faranti mai faɗi ya huce sarai, a kuma sa shi a firiji, domin ko ɗumi kaɗan ya isa ya narkar da botar da muka yi ta lallaɓawa.

Shi kuwa kirim cis, a 1872 ne wani mai sana'ar madara, William Lawrence, ya fara yin sa da yawa don sayarwa a garin Chester na jihar New York, kuma a 1880 aka laƙaba masa sunan Philadelphia, ba don a can ake yin sa ba, sai don birnin ya yi suna wajen kayan madara masu kyau. A dokar Amurka, sai man madarar da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 33 cikin 100, ruwansa kuma bai wuce kashi 55 ba, kafin a kira shi da wannan suna. Ba ɗaya yake da busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar ba, wannan laushi gare shi har ana shafa shi da wuƙa, da ɗan tsami-tsami wanda ke karya zaƙin sitroberi. Idan da zaɓi, a sayi mai zuwa a dunƙule cikin takardar gwangwani, domin na cikin roba an sassauta shi don shafawa, yakan kuma yi ruwa a tanda. Inda ba a same shi ba, ana iya zuba kindirmo mai kauri ko yogot marar sukari a ƙyalle mai tsabta, a ɗora a kan rariya cikin firiji ya kwana yana tsiyaya. Abin da zai rage ya fi kirim cis tsami, bai kai shi maiƙo ba, amma zai tsaya a madadinsa. A buga giram 115 da sukari babban cokali biyu da gwaiduwar ƙwai ɗaya da ɗan fanila har ya yi sumul. Gwaiduwar ce ke sa shi ya daskare a wuta maimakon ya narke ya bi ɓawo.

Yanzu sai haɗawa. A barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, a ciro rabin kwaɓin a bar ɗayan a firiji, a murza shi daga tsakiya zuwa baki ana jujjuya shi har kaurinsa ya zama kamar milimita 3. Idan kun lura, ana hango ɗigon bota a jikinsa, kuma haka ake so. A yanka shi da'ira-da'ira da bakin kofi ko ƙaramin kwano mai faɗin santimita 12, wanda zai ba da guda goma zuwa goma sha biyu daga kwaɓin gaba ɗaya idan aka haɗa da ragowar gefe. A shafa ƙaramin cokali biyu na kirim cis a rabin kowace da'ira, a ɗora na sitroberi kwatankwacin haka a samansa, a bar wajen santimita ɗaya a baki babu komai. Kirim cis ne ke zama a ƙasa saboda maiƙonsa yana shiga tsakanin ruwan sitroberi da ɓawo. Zuciya za ta so a ƙara haɗin, tunda a ido ya yi kaɗan, amma duk abin da aka ƙara a nan a kan tire za a tsince shi.

A shafa ruwan ƙwai a bakin, a ninke, a danne da yatsa ana fitar da iskar ciki, sannan a bi da cokali mai yatsu a like. A tsaga saman kowanne sau biyu ko uku da bakin wuƙa, domin tururin da haɗin zai fitar ya sami ƙofa. Idan ba a buɗe masa ba, zai nemi inda ya fi rauni, wato wurin da aka like. A jera su a tire mai takardar gashi, a mayar firiji na minti 20, a kuma kunna tanda tun yanzu a kai ta digiri 200.

Wannan zafin ba a rage shi. Idan fai mai sanyi ya shiga tanda mai zafi sosai, ruwan cikin bota yana zama tururi da sauri ya ture fulawar sama kafin ta sandare, sai a sami ɓawo mai ɓarewa filla-filla. Idan kuwa tandar ba ta yi zafi ba, botar za ta narke a hankali ta tsiyaye, ɓawon ya fito da nauyi da maiƙo. A shafa ruwan ƙwai a samansu, a barbaɗa sukari kaɗan, a gasa na minti 20 zuwa 25. Kada ku sauke da wuri tun saman yana fari. A jira har saman ya yi ja sosai, a kuma ɗaga ɗaya a duba gindinsa, domin can ne ɗanyen ke ɓoyewa. Masu gashi da tukunya da yashi ko da gawayi su bar tukunyar ta ɗauki zafi sosai kafin su sa tire, su kuma ɗora garwashi a kan murfi, saboda wutar ƙasa kaɗai za ta ƙona gindin ta bar saman fari.

Bayan an fitar, a bar su a kan raga na minti 15, domin haɗin sitroberi yana riƙe zafi fiye da ɓawo, yana iya ƙona baki, kuma sai ya huce ne kaurinsa ke kammala. Saboda madarar da ke ciki, kada su wuce awa biyu a waje, a lokacin zafi kuwa awa ɗaya ce iyaka. A firiji za su yi kwana uku cikin mazubi mai murfi, kuma idan za a ci sai a ɗumama su a tanda mai digiri 180 na minti takwas zuwa goma don ɓawon ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ke son ajiya mai tsawo ya daskarar da su ɗanye bayan an like an tsaga, ranar da ake buƙata kuma a sa su a tanda kai tsaye ba tare da an jira sun saki ba, a ƙara minti biyar a kan lokacin gashi.