Rancho Santa Margarita y Las Flores: yadda filin kiwon bakin teku ya fita daga hannun iyalan Pico

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Filin da za mu bi tarihinsa yau yana bakin tekun Pasifik, a arewacin gundumar San Diego ta Kalifoniya. Girmansa eka 133,440 ne, kusan hekta 54,000.

Tun asali ƙasar 'yan ƙabilar Luiseño ce. Cocin mishan na San Luis Rey ya mayar da ita makiyayar shanunsa a zamanin Sifaniyawa. Da Meziko ta yi dokar 1833 mai ƙwace filayen mishan daga hannun limaman coci, an ce za a raba wa 'yan asalin ƙasa kaso. Wanda aka naɗa ya kula da dukiyar San Luis Rey daga 1835 zuwa 1840 shi ne Pio Pico. A 1841 kuma gwamna Juan Bautista Alvarado ya ba shi filin, shi da ƙanensa Andres. A 1844 suka haɗe da Las Flores, wanda ƙauyen 'yan Luiseño ne masu 'yancin kansu. Ku riƙe wannan, domin mai riƙon amana ne ya zama mai fili.

Ta yaya ake samun irin wannan kyauta? Mutum zai rubuta wa gwamna takardar roƙo, ya haɗa da taswirar da aka zana da hannu, mai nuna rafi, tudu da wata babbar bishiya. Gwamna zai tura wa hukumar yankin ta bincika ko filin na wani ne. In an amince, sai alƙalin gari ya fito da mahaya biyu da igiyar fata mai tsawon bara 50, kowace bara kusan inci 33. Ɗaya ya kafa sanda, ɗaya ya sukwano har igiya ta miƙe, a haka ake ƙirga. Igiyar fata kuwa tana ƙara tsawo in ta jiƙa, alamar iyaka kuma tarin duwatsu ne ko ƙoƙon kan saniya. Doka ta ce kada mutum ɗaya ya wuce lig 11, kowane lig kimanin eka 4,400, kuma ya gina gida cikin shekara ɗaya ya zuba dabbobi. Muddin maƙwabta sun san juna, wannan awo ya wadatar.

Matsala ta zo bayan yaƙin Amurka da Meziko, wanda ya mayar da Kalifoniya hannun Amurka. Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta yi alkawarin Amurka za ta mutunta mallakar da ta tarar. Amma dokar 1851 ta ɗora wa mai fili nauyin kawo hujja gaban hukumar filaye, cikin shekara biyu, in ba haka ba fili ya koma na gwamnati. An shigar da da'awa 813, an tabbatar da kusan 600, sai dai a matsakaici shari'a kan ci shekara 17. Pico ya shigar da tasa a 1852, takardar mallaka ba ta fito ba sai 1879. A duk tsawon wannan lokaci ana biyan lauya, ana biyan mai awo, ana biyan harajin ƙasa wanda a zamanin Meziko babu shi. Filin da takardarsa ke gaban kotu kuwa ba ya sayuwa da daraja, don haka sai a jinginar da shi, da ruwan da kan kai kashi 3 cikin 100 a wata. Bashin dala 10,000 a wannan ruwa, in yana hawa kan juna, zai ninka cikin shekara biyu.

Pico ga shi da caca da sakin hannu. Sai ambaliyar 1862 ta zo, fari mai tsanani ya biyo baya a 1863 da 1864, shanu suka mutu birjik. A 1864 ya sa hannu a takardar da ta miƙa filin ga Juan Forster, Bature haifaffen Liverpool mai auren ƙanwarsa Ysidora, bisa sharaɗin Forster ya ɗauki bashin. Daga baya Pico ya ce rabi kawai ya yi niyyar bayarwa, kuma shi ba ya karanta Turanci. Magana ta kai kotu a San Diego a 1873, masu yanke hukunci suka ba Forster gaskiya. A ganina wannan ita ce gaɓa mafi muhimmanci a tarihin filin: yarda ta surukuta ta sa aka sa hannu babu tafinta mai zaman kansa, kotu kuma rubutu ta duba.

Shi ma Forster bashi bai bar shi ba. Dokar shinge ta shekarun 1870 ta tilasta wa makiyaya killace filayensu, kuma kewaye fili irin wannan kuɗi ne mai yawa. Ya rasu a 1882 fili na jingine, magada suka sayar. Mai kuɗin azurfar Nevada, James Flood, ya zuba jari, Richard O'Neill ya riƙe kiwon, daga baya iyalan Flood suka mallaka masa rabi. A 1940 iyalan suka raba dukiya: ɓangaren dukiyar da ke gundumar Orange, maƙwabciyar San Diego ta arewa, ya zauna hannun zuriyar O'Neill, na San Diego kuma gwamnatin Amurka ta karɓa a 1942 kan dala miliyan 4 da 'yan kai. Shugaba Roosevelt ya buɗe shi a watan Satumba na shekarar a matsayin Camp Pendleton, sansanin sojan kundunbala na ruwa, mai gaɓar teku kimanin kilomita 27. Pio Pico kuwa ya rasu a Los Angeles a 1894, a gidan 'yarsa, ba shi da fili.