Saura kwana 5 in zauna gaban farfesa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, ta ɗan dushe, tun asuba nake magana ni kaɗai a ɗakin nan. Saura kwana 5 in shiga jarrabawar dokokin mu'amala tsakanin mutane, kuma da baki ake yin ta.

A nan Italiya haka yawancin jarrabawar ɗaliban lauya take. Za a kira sunanka, ka taso ka zauna gaban farfesa ko mataimakinsa, ya jefo maka tambaya, sauran ɗalibai na zaune a baya suna sauraro. Maki 30 ne ƙololuwa, da 18 ake tsallakewa. Nan take za a gaya maka abin da ka samu, in bai yi maka ba kana da damar ƙin karɓa, ka dawo a zama na gaba.

Kun ga wannan jibgegen littafin? Kundin dokokin mu'amala ne na 1942, sashe 2969 a cikinsa. Ku dubi yadda gefensa ya yi baƙi, sawun yatsuna ne.

Wancan zaman na shiga, kuma wallahi na yi karatu. Farfesa ya tambaye ni rukunan kwangila, sashe na 1325. Na zayyano su huɗu: amincewar ɓangarori, abin da suke kira causa, abin da aka ƙulla a kansa, sai siffar da doka ta wajabta in ta wajabta. Ya gyaɗa kai, ya ce, to mece ce causa? Nan bakina ya mutu. A kaina na san ta sarai. A ciniki, causa ita ce musayar kaya da kuɗi, ba dalilin da ya sa kai ka ga dama ka saya ba, wannan a zuciyarka yake. Amma ban taɓa furta wannan bayanin da Italiyanci ba, ko sau ɗaya. Na yi ta kame-kame, ina jin motsin kujeru a bayana. Ya ba ni 19. Na ce na gode, zan dawo.

Shi ya sa na sauya tsari gaba ɗaya. Yanzu in na karanta babi sai in rufe littafin, in fara yi wa kaina bayani da Hausa. In ya gagare ni da Hausa, to ban gane ba, haddacewa kawai na yi. In ya fita, sai in kunna rikodin a waya, in maimaita da Italiyanci cikin minti uku: ma'ana, lambar sashe, sharuɗɗa, misali guda. Sauraren kanka ba daɗi, amma a nan kake jin inda jimla ta tsinke.

Ɗauki sashe na 2043. Jimla ɗaya ce tak: duk wanda ya cutar da wani ba bisa haƙƙi ba, da gangan ko da sakaci, wajibi ne ya biya diyya. Haddace ta ba wuya. Sai dai farfesa zai kama kalma ɗaya ya tsaya a kanta. Wace cuta ce ba bisa haƙƙi ba? Da me ake auna sakaci? Yaya za ka nuna cewa aikin ne ya haifar da cutar? Jiya wuni guda na yi a kan wannan tambayar ta ƙarshe, har yanzu ban gamsu da amsata ba.

Na kuma je na zauna a baya ranar da wasu ke tasu jarrabawar, na rubuta tambayoyin da aka yi musu. Na lura waɗanda suka ɗan yi shiru kafin su buɗe baki sun fi masu gaggawa tsara magana.

Ga abokin karatuna nan yana ƙwanƙwasa ƙofa. Yau shi ne farfesa, kuma na roƙe shi ya riƙa katse ni a tsakiyar magana. Ku sa ni a addu'a. Bari in buɗe masa.