Amsoshin Tambayoyinku: gwagwarmaya ba tare da ɗaukar makami ba

Jama'a masu saurare barkanmu da warhaka, mun buɗe jakar saƙonni. Wani ɗan'uwa mai kabu-kabu daga Tibiri ya rubuto ta WhatsApp yana cewa wai wannan aƙidar ƙin tashin hankali da ake yabon Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, da ita, shin ba tsoro ba ne kawai aka yi ma ado?

To malam, walla ba tsoro ba ne, kuma ba irin haƙurin naɗe hannu a zauna ba ne. Tushenta shi ne azzalumi ba ya mulki shi kaɗai, sai da mai biyan haraji da mai sayen kayansa da mai yi masa aiki, in waɗannan suka janye hannu tare, bindiga ba ta iya cike gurbinsu. Turawan Ingila sun daɗe da hana mutanen Indiya haƙar gishiri, sai a 1930 Gandhi ya taka a ƙasa kwana 24 daga Ahmedabad har Dandi bakin teku ya ɗebi gishirin da hannunsa, jama'a suka bi sahu, aka kama kusan mutum 60,000. Matsoraci ai ba ya kai kansa kurkuku da ƙafarsa. Kuma horon da wuya ƙwarai, don a 1922 da magoya bayansa suka ƙone caji ofis a Chauri Chaura 'yan sanda 22 suka mutu, shi da kansa ya tsaida gwagwarmayar baki ɗaya duk da manyan abokansa sun ji haushi.

Kai da kake harkar sufuri za ka fi gane na Amurka, a Montgomery 1955 bayan an kama Rosa Parks don ta ƙi tashi ma bature a bas, baƙaƙen fata suka daina shiga bas kwana 381 suna tafiya aiki a ƙasa har kotu ta soke wariyar. Ban ce kullum tana ci ba fa, a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a 1960 an harbe mutum 69 da ba su riƙe da komai.

Sai wata malamar lakwal daga unguwar Zariya nan Maradi, ta ce abin nan ba na waɗanda ba musulmi ba ne? Malama, Abdul Ghaffar Khan musulmi ne ɗan ƙabilar Pashtun daga yankin da yau yake cikin Pakistan, a 1929 ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar mai adawa da mulkin turawan Ingila, dubban maza suka yi rantsuwar ba za su rama duka ba, kuma daga haƙurin da Annabi (SAW) ya yi a Makka yake kafa hujja. Mu ma nan gida, ranar 13 ga Mayu 1991 iyayenmu mata suka fito Yamai da ƙafa don mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, ba jifa ba ƙone-ƙone, aka ƙara masu kujeru, shi ya sa har yau ranar take ranar matan Nijar.