Yaro Ɗan Shekara Uku Ba Shi da Aljihu

Jama'a masu saurare, duk sa'ad da aka tayar da zancen ƙibar ƙananan yara, sai wani ya taɓe baki ya ce ciwon Turawa ne, mu nan yunwa ke damunmu. Yunwa kam tana nan. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara miliyan 37 masu waɗannan shekaru nauyinsu ya wuce ƙima, kuma adadinsu a Afirka ƙaruwa yake yi tun 2000. A unguwa ɗaya za ka tarar da mai tamowa da wanda ƙiba ta hana shi gudu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke ɗora wa yaron laifi. Wai kwaɗayi gare shi, wai ba ya cin tuwo sai taliyar leda. To, wa ya saya? Yaro ɗan shekara uku ba shi da aljihu. Bai san hanyar kanti ba, bai taɓa kunna risho ba. Uban da ba ya iya haɗiye shinkafa sai da lemon kwalba shi ne ya fara ɗanɗana masa. Kwalbar rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali 12, kuma ana miƙa ta ga yaron da bai gama fitar da haƙora ba. Uwar da ke zuba sukari a shayi har cokali ya kusa tsayawa, ita ke dama masa kunu. Ga kaka a gefe tana ciro alawa daga bakin zane, kowa ya yi magana ta ce a bar mata mijinta ya ci. Haba Hajiya!

Sai a ce ai gado ne, duk gidan haka suke. Akwai gado a ciki, ban musa ba. Amma gidan da aka gaji jiki, an gaji kwano, an gaji zama wuri ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na awa 3 a yini, ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa kada a zaunar da shi gaban allo, na gaba da shi kada ya wuce awa 1. Mu fa? Ya yi kuka, a ba shi waya. Manya na kallon fim har sha biyun dare, yana tsakiyarsu ido biyu, alhali ɗan shekara 3 barcin awa 10 zuwa 13 yake bukata. Ba shi ya sayi data ba.

Da kuma ɗura, da "sai ka cinye tas ko in zane ka". Yaron ya kawar da kai ya ƙoshi, mun danne shi, mun koya masa ya daina jin cikinsa. Gobe kumatu su cika mu ce tubarkalla, ɗan lukuti, alhali ƙibar yarinta kan bi mutum har girma, ta jawo ciwon sukari da hawan jini.

Gwamnati ta sa harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Ko hakan ya hana kowa sha, ina shakka. Naira 10 ba ta shiga tsakanin maigida da tsarabarsa. Malam, kai ke shigowa da ledar biskit kullum dare, ga gyaɗa, ga gwanda, ga kwaɗon zogale a bakin layi ka wuce su. Ranar awo kada ka tura maiɗakinka ita kaɗai. Ka bi su asibiti, a ɗora yaron a sikeli, in an sauke shi kai ma ka hau.