Wa ke ba da labari a gidajen tarihin Amurka?

Idan ka shiga gidan tarihi a Amurka, sau da yawa wanda zai tarbe ka ya zagaya da kai ba ma'aikaci ba ne. Ɗan sa-kai ne, ko sisi ba a biyansa. Kuma galibi za ka tarar dattijuwa ce farar fata wadda ta yi ritaya.

Babu inda aka rubuta cewa baƙar fata kada ya nema. Sharuɗɗan ne ke tace mutane. A gidan kayan fasaha na Art Institute da ke Chicago, a da sai mutum ya yi wata 18 yana zuwa horo sau biyu a mako kafin a ba shi baƙi ya jagoranta. To, uwar da ke aiki wuri biyu don ta biya kuɗin haya, ina za ta samo wannan lokacin? Aikin kyauta sai mai hali, kuma a Amurka dukiya ta fi taruwa a hannun farar fata.

A Satumbar 2021 gidan ya sallami 'yan sa-kai 82, ya ce zai ɗauki malaman da zai riƙa biya dala 25 a awa. Aka yi ta cece-kuce. A ganina manufar buɗe ƙofa ga marasa hali ta yi, amma sallamar ta yi zafi, don wasunsu sun shafe shekaru suna hidima.

Wasu wuraren sun bi ta wata hanya. A Monticello, gidan tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson, wanda ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, tun 1993 aka fara bin zuriyar bayin nan ana naɗar labaran da suka gada daga kakanni. A Montpelier kuwa, gidan James Madison, shi ma tsohon shugaban Amurka, hukumar gudanarwa ta amince a 2021 cewa za ta raba kujeru daidai da zuriyar bayin. Ta so ta janye a 2022, mutane suka yi ca, sannan ta cika alkawari.

Ƙaramin gidan tarihi ba sai ya kai nan ba kafin ya fara. Ya mai da horo Asabar ko da yamma, ya biya kuɗin mota, ya tura mutanensa coci-coci da makarantun unguwannin da ba su taɓa zuwa ba. Wanda ya amsa kira kuma, kada a miƙa masa takarda a ce ya haddace. A tambaye shi me ya ga babu a labarin, sannan a gyara takardar.