Zanzibar ta otal da Zanzibar ta gari

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Nasiru ne daga nan Nima a birnin Akra. In kun ji ana danna oda a bayanmu, 'yan trotro ne, wato motocin hayarmu, ba yadda muka iya da su. Ina tare da Baba Alhasan kamar kullum, ga kuma Yaya Mariyama, wadda ta je hutu Zanzibar ta dawo. Yaya, sannu da hanya.

Mariyama: Yauwa Nasiru. Baba, ina wuni?

Baba Alhasan: Lafiya lau, 'yata. Ni tambaya ɗaya ce ta kawo ni yau. Daga inda muke zaune zuwa Labadi, ko da cunkoso, ba ka cika awa guda ba. Ga Kokrobite, ga Ada inda Volta ke faɗawa teku, ga Busua can yamma. Mene ne a ruwan Zanzibar da babu a namu, har mutum ya ɗebi kuɗin jirgi ya ƙetare Afirka sukutum?

Mariyama: Baba, yaushe rabonka da ka sa ƙafa a ruwan Labadi?

Baba Alhasan: Ni? Allah ya kiyaye. Wannan ruwan ba ya wasa.

Mariyama: To ka ba kanka amsa. Tekunmu mai faɗa ne. Igiyar tana dukan gaɓa kai tsaye, ga jan da take yi ta ƙasa, shi ya sa duk bayan Sallah iyaye a Zango hankalinsu a tashe yake har sai yara sun dawo daga bakin ruwa. A can kuwa akwai jerin duwatsun murjani a cikin teku, nesa kaɗan da gaɓa. A kansu igiyar ke karyewa, abin da ke isowa wurinka ruwa ne kwance, garau, kana ganin yatsun ƙafarka.

Nasiru: Bari mu fara daga farko saboda masu niyya. Ta ina ake bi?

Mariyama: Daga filin jirgin Akra sai ka yada zango, ko Addis Ababa ko Nairobi, sannan ka sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume. Wasu kan sauka Darussalam su hau jirgin ruwa, kamar awa biyu ne. Ka riƙe katin rigakafin shawara, don daga ƙasarmu ka fito za a iya tambaya. Sannan tun watan Oktoba na 2024 sun ɗora wa baƙi inshorar dole, dala 44, wadda tasu ce ta gwamnatin tsibirin. Ko kana da wata inshorar daga gida, sai ka biya wannan. Agogonsu yana gaban namu da awa uku.

Nasiru: Wato ƙasa ce mai zaman kanta ko kuwa?

Baba Alhasan: A'a, wannan kam na sani. A Janairun 1964 aka yi juyin juya hali aka kori sarkin Larabawa, a Afrilun shekarar suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu.

Mariyama: Haka ne Baba. Kuma abin da muke kira Zanzibar, babban tsibirin sunansa Unguja, ɗayan Pemba. Yanzu ga abin da nake so masu sauraro su riƙe. Zanzibar biyu ce. Akwai ta otal, akwai ta gari. Mota za ta ɗauke ka daga filin jirgi ta kai ka Nungwi ko Paje, a buɗe maka ƙofa, a ɗaura maka wani zare a hannu alamar ka biya kuɗin ci da sha, shi ke nan. Za ka iya gama hutunka ba ka yi magana da ɗan gari ko ɗaya ba sai mai kawo maka tawul. Ka dawo ka ce ka je Zanzibar. Ni a wurina ba ka je ba.

Nasiru: Amma Yaya, wanda ya tara kuɗinsa don ya huta fa? Ba dole ne kowa ya koma ɗalibin tarihi ba.

Mariyama: Ban hana kowa kwanciya a kan rairayi ba, ni ma na kwanta. Amma in hutu kaɗai kake so, Baba ya fi ni gaskiya, ka tafi Ada ka adana kuɗinka. Abin da ya cancanci kuɗin jirgin yana cikin gari ne.

Baba Alhasan: To ba mu labarin garin.

Mariyama: Tsohon garin, wanda baƙi suka sani da Stone Town, da dutsen murjani aka gina shi, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga yawancinsu, sai babur da keke da amalanke. Duk wanda ya tashi a Nima ba zai tsorata da su ba, sai dai nasu gidajen benaye ne, ga manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla. A gindin kowane gida akwai dakali, dattawa na zaune suna shan gahawa a 'yan ƙananan kofuna. In lokacin salla ya yi, kiran salla ta ko'ina.

Baba Alhasan: Masha Allah.

Mariyama: Baba, ga wanda zai ba ka mamaki. Alƙiblarsu arewa take kallo.

Baba Alhasan: Arewa kuma?

Mariyama: Arewa sak. Makka tana saitin samansu ne a taswira. Mu da muka saba in an ce salla sai a fuskanci gabas, sai ka ga jikinka yana gardama.

Baba Alhasan: Ikon Allah. Kuma ai Shafi'awa ne yawancinsu, ba Malikawa irinmu ba.

Mariyama: Ƙwarai. Kuma a matsayina na mace, abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na shiga teku da doguwar rigata da mayafina, ba wanda ya waiwayo. Matan garin haka suke shiga. A can mai tsiraici ne baƙo. Hukuma ma tana jan kunnen masu yawon buɗe ido su rufe kafaɗa da gwiwa in za su shiga gari. Abinci kuwa ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka ba, in dai a cikin gari kake.

Nasiru: Yauwa, an zo wurina. Me ake ci?

Mariyama: Da magariba ka nufi Forodhani, wani lambu ne a bakin ruwa inda masu abinci ke kafa tebura. Yara maza na ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku. Akwai gasasshen kifi, akwai tsire, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Akwai wani romo mai tsami da suke kira urojo, da dankali da 'yan soye-soye a ciki. Shawarata, ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka a faranti, kuma ka duba inda 'yan gari suka yi layi. Kifin da aka jera don ɗaukar ido ba lallai na ranar ba ne.

Nasiru: Ya kai wace, wato wake da shinkafa, na Nima daɗi?

Mariyama: Kada ka haɗa ni faɗa da masu sayar da wake da shinkafa, gobe da safe a wurinsu zan karya. Amma shinkafarsu ta filau, da kanumfari da kirfa, sai wanda ya ci.

Baba Alhasan: Kanumfarin nan shi ne asalin arzikinsu, kuma shi ne asalin hawayensu. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa can wajen 1840, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari. Wa ke noman? Bayi ne da aka kamo daga cikin nahiya. Kin je inda kasuwar bayin take?

Mariyama: Na je, Baba. An rufe ta a 1873, zamanin Sarki Bargash, bayan Ingila ta matsa masa lamba, aka gina cocin Angilika a wurin. Akwai ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, dogo ba ya miƙewa. A waje kuma an yi gumakan mutane a cikin rami, da sarƙa a wuyansu.

Baba Alhasan: Kin ga, mu nan in an ce cinikin bayi, sai hankalinmu ya tafi ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da Cape Coast. Sai mu nuna Bature da yatsa mu koma gefe. Amma na Zanzibar, manyan dillalan masu salla ne, irin su Tippu Tip. Kuma kada mu yi nisa. Salaga tana nan cikin ƙasarmu. Kakanninmu fatake da suka zo sayen goro, a kasuwar da ake sayar da mutane suka saye shi, wasunsu ma ba goro kaɗai suka taɓa ba. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 ne da yawansu suka gangaro kudu, Zangunanmu suka ƙara cika. Wannan ba a cika faɗa wa yara a makarantar allo ba.

Nasiru: Baba, wannan kam sai mun ware masa rana guda.

Baba Alhasan: A ware. Ni dai in mutum ya je can ya ɗauki hoto a bakin ruwa bai leƙa wannan wuri ba, ya yi asarar tafiya.

Nasiru: Mu koma ruwan, Yaya. Na ji wani abokina yana ƙorafi, wai ya kama otal a bakin teku, da ya tashi da safe babu tekun.

Mariyama: (dariya) Gabashin tsibirin ya sauka ke nan, Paje ko Jambiani. Sau biyu a yini ruwan ke janyewa, kuma ba kaɗan ba, sai ka yi tafiya mai nisa a kan rairayi kafin ka tarar da shi. Wanda ke son iyo ko da yaushe, ya nufi arewa, Kendwa ko Nungwi. A Nungwi ɗin ne ma ake sassaƙa jiragen katako masu tafiya da iska, da hannu, a bakin gaɓa. Amma ni lokacin janyewar ruwan ya fi burge ni. A lokacin ne matan ƙauye ke fitowa gonakinsu na cikin teku. Sun kafa turaku, sun ɗaura igiyoyi, suna noman ciyawar teku. Suna zaune a cikin ruwa da zannuwansu suna tsinka, su shanya, a saya a fitar da ita waje don yin sabulu da man shafawa da sinadarin abinci. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke wannan sana'a. A bayansu kuma otal ne da kwana ɗaya a ciki ya fi abin da za su samu a dogon lokaci.

Baba Alhasan: To kuɗin baƙin ina yake zuwa?

Mariyama: Da yawa daga manyan otal-otal ɗin na 'yan waje ne. Shi ya sa na ce a raba ƙafa. Ka kwana a masaukin 'yan gari ko da wani ɓangare na zamanka, ka hau daladala, wato trotro ɗinsu, ka sayi kayan yaji a kasuwar Darajani, ka sayi sabulun matan nan daga hannunsu. Samarin bakin ruwa masu tallar yawon kwale-kwale za su dame ka, amma in ka yi musu sallama ka ce a'a da fara'a, sukan ƙyale ka.

Nasiru: Datti fa? Don mu abin da ya kashe mana bakin ruwa ke nan. In aka yi ruwan sama, duk ledar da ke kwatar Nima sai ta bi kogin Odaw ta faɗa tafkin Korle, teku kuma ya dawo mana da kayanmu.

Mariyama: Su ma ba aljanna ba ce, a bayan gari za ka ga juji da robobin ruwa. Amma Tanzaniya ta haramta jakar leda tun Yunin 2019, har a filin jirgi ana gargaɗin kada ka shigo da ita, kuma ana ganin bambancin. Mu nan ko kokon sidi biyar ka saya, leda biyu za a sa maka.

Baba Alhasan: Har ki ce a ƙara ta uku don kada ya ƙona ki.

Nasiru: Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Mariyama: Ka guji Maris zuwa Mayu, daminarsu ce mai ƙarfi. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa. In azumi ne, ka sani gidajen abinci da yawa a cikin gari a rufe suke da rana, wanda mu bai dame mu ba. Mai yara kuma ya kai su dajin Jozani su ga jajayen biran nan da a tsibiran Zanzibar kaɗai ake samunsu, da ɗan tsibirin Changuu mai manyan kunkuru.

Nasiru: Baba, yanzu za ka je?

Baba Alhasan: In kai za ka biya inshorar da kuɗin jirgi, gobe ma. In ba haka ba, ku haɗa mota mu tafi Salaga, ni zan yi muku jagora.

Nasiru: Masu sauraro kun ji, Baba ya ɗauki alkawari a gabanku. Ku turo mana saƙon murya, musamman 'yan Kumasi da ba su da teku, mu ji ina kuke zuwa hutu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Mariyama: Tafkin Bosomtwe za su ce maka, ka jira ka gani.