Ma'aikatan da Suka Gina Sholay a Bayan Kyamara

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya a Kano, Zariya ko Damagaram ya san Sholay, fim ɗin da darakta Ramesh Sippy ya saki ranar 15 ga Agusta, 1975, wanda ya shekara 5 ana haska shi a sinimar Minerva ta Bombay. Har yau ana ambaton Amitabh Bachchan da Dharmendra, ana kwaikwayon muryar ɗan fashi Gabbar Singh, amma da wuya a sami mai kallon da zai iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya a bayan kyamara.

Ƙauyen Ramgarh da kuke gani a fim ɗin babu shi a taswira. Ram Yedekar, mai tsara wuraren ɗauka, shi ne ya gina shi a tsakanin duwatsun Ramanagara, kusa da Bangalore, da gidajensa da masallacinsa da tankin ruwan da Veeru (Dharmendra) ya hau, kuma sai da aka yanki hanya daga babban titi kafin motocin kayan aiki su iya isa wurin.

Hasken da ya sa ƙauyen ya zama kamar na gaske aikin Dwarka Divecha ne, mai ɗaukar hoto. Ku dubi fitowar da Radha, wadda mijinta ya rasu, take zagayawa tana kashe fitilu yayin da Jai (Amitabh Bachchan) yake busa daga nesa. A allo ba ta wuce 'yan mintuna ba, amma ta ci kusan kwana 20, domin hasken da ake nema shi ne na ɗan tsakanin faɗuwar rana da shigowar duhu, kuma idan ya kuɓuce sai a tattara kaya a jira gobe.

Wadda ta fi cancantar a daɗe a kanta ita ce Reshma Pathan. A wurin da 'yan fashi suka biyo Basanti a guje tana korar keken doki, fuskar da ake nunawa kusa ta Hema Malini ce, amma jikin da ke kan keken a wuraren haɗari na Reshma ne. Ta shiga wannan sana'a tun tana 'yar shekara 14 domin ta tallafa wa gidansu, a zamanin da maza ne suke sa kayan mata su tsaya a madadin jarumai. A lokacin ɗaukar wannan tseren keken ya kife da ita, ta ji rauni. Ƙa'idar aikinta ita ce kada mai kallo ya gane ta, kuma iya ƙwarewarta iya ɓacewar sunanta. Wannan, a ganina, rashin adalci ne da masana'antar ta daɗe tana yi wa irinta.

Bayan an shafe kusan shekara biyu ana ɗauka, sai aka ajiye wa edita M. S. Shinde zaren fim mai tsawon ƙafa 300,000, ya zauna yana yankawa yana haɗawa da hannu har ya fitar da labari na awa uku da ɗoriya wanda ba ya gundurar mai kallo. Saurin da ake ji a faɗan jirgin ƙasa, da jinkirin da ke ɗaga hankali kafin Gabbar ya harbe yaransa, a teburinsa aka auna su. A bikin ba da kyaututtukan fina-finai na Filmfare na 1976 kyauta ɗaya tak Sholay ya samu, kuma Shinde ne ya karɓe ta. Ya yi aiki a fina-finai sama da 100, amma ƙarshen rayuwarsa a unguwar talakawa ta Dharavi ya yi shi cikin ƙuncin rashi, ya rasu a 2012 yana da shekara 83.